Ƙaramar Jif Mai Lantarki: Ta Dace da Magidanci Kuwa?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, duk magidancin da ke da mota ya koma lissafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ba mamaki ke nan da hankalin wasu ya karkata ga motocin da ba sa shan mai, musamman waɗanda suka fi ƙaramar mota tsayi amma ba su kai babbar jif ba. Har yau ba mu raɗa wa irin wannan mota suna na kanta ba, kowa jif yake cewa, don haka bari mu kira ta ƙaramar jif.

Wadda ta fi dacewa mu ɗora a sikeli ita ce Hyundai Kona mai lantarki, domin ita ce kamfanin Stallion ya haɗa a Legas a 2020, aka yi ta shelar cewa ita ce irinta ta farko da aka haɗa a Nijeriya. Hukumar NADDC, a lokacin tana hannun Jelani Aliyu, ta tsaya mata, har ta kafa wuraren caji masu aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Legas a 2021.

Mu fara da aljihu, tun da shi ne ya kawo maganar. Batirinta yana ɗaukar yunit 64, irin wanda mitar gida ke ƙirgawa, kuma an ce caji ɗaya zai yi kilomita 482. Mu rage, mu ce 400, saboda cunkoso da na'urar sanyaya mota. A farashin naira 225 da aka sa wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, cika batirin bai wuce kimanin naira 15,000 ba. Motar fetur mai shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha lita 32 a wannan tafiyar, wato sama da naira 30,000 a farashin ƙarshen waccan shekarar. Ga shi babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa. A nan kam ta ci gari.

To amma mai karatu, magidanta nawa ne ke samun wutar awa 20 da aka yi wa rukunin A alkawari? Da na'urar caji ta bango, sai motar ta yi awa tara da wani abu kafin ta cika. Da soket ɗin ɗaki kuwa, ta fi kwana guda. Wanda unguwarsu ke ganin wuta awa huɗu a rana, dole ya tayar da janareta, ya koma sayen man da ya guje wa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Sai maganar iyali, wadda masu talla ba sa son a daɗe a kai. Kujera biyar gare ta, kuma na baya a matse suke. But ɗin samfurin farko lita 332 ne kawai, wanda buhun shinkafa ɗaya da akwati za su kusan cinye shi. Sabon samfurin da ya fito a 2023 ya ƙaru zuwa lita 466, amma kujerun dai biyar ne. An auna motar ce da iyalin Koriya da na Turai, miji da mata da 'ya'ya biyu. Gidan da ke da yara biyar da kaka da ɗan riƙo fa? Ranar suna ko biki sai an yi sawu biyu. Ba a ma maganar tafiya gida hutun Sallah daga Legas zuwa Kano, tafiyar da ta kai kilomita 1,000, wadda ke buƙatar a tsaya caji aƙalla sau biyu a hanya.

Abin da ya fi damuna shi ne gyara. A 2021 Hyundai ya janye motocin lantarki kusan 82,000 a duniya, akasarinsu Kona, domin ya canza musu batir saboda haɗarin gobara. Wanda ya saya a hannun dila yana da inda zai kai kuka. Wanda ya sayi 'yar Beljiyam kuwa, wa zai tabbatar masa an canza nata, ko ya gaya masa ƙarfin da ya rage a batirin? Bakaniken bakin hanya da ya ƙware a Corolla ba zai taɓa ta ba, kuma kayanta ba su cika Ladipo ko Ƙofar Ruwa kamar na Toyota ba.

A ganina, motar ta dace da mai ƙaramin iyali da ke zirga-zirga tsakanin gida da ofis da makarantar yara, wanda yake da gareji da wuta tsayayya ko sola mai ƙarfi, kuma yana da wata motar ta doguwar tafiya. Wanda kuwa mota ɗaya tak zai iya saye, ita ce ta asibiti da dare, ita ce ta zuwa ƙauye, gara ya dubi mai haɗa fetur da lantarki, ko ya mayar da tasa ta koma shan gas ɗin CNG.