Zauren Kwamfuta: Me Ya Sa Karaye Ta Zama Lamba 0?

Yau za mu nemo gurbin abu a cikin jeri da yaren Python. Ku rubuta:

garuruwa = ["Karaye", "Rogo", "Gwarzo", "Kabo"]
print(garuruwa.index("Rogo"))

Kuna zaton 2 za ta fito? A'a, 1 ce, domin daga sifili Python take fara ƙidaya: Karaye 0, Rogo 1, Gwarzo 2, Kabo 3. Wanda ya manta da wannan a jerin makin jarrabawa, sai ya ba ɗalibi makin na kusa da shi.

In kuka nemi "Bichi", wadda ba ta cikin jerin, aikin zai tsaya da saƙon ValueError. Don haka ku fara dubawa da:

if "Bichi" in garuruwa:

Aikin gida: in "Rogo" ta fito sau biyu, wace lamba za a samu? Sai mako mai zuwa.