Tsofaffin Motoci da Ƙirjin Direba

Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar motar Amurka ta shekarun 1950, an wanke ta tana walƙiya, ya san abin da ke jan hankalin masu tara irin waɗannan motoci. A wurinsu darajar mota ita ce ta zauna yadda ta fito daga masana'anta, kada a ƙara mata ko ƙusa ɗaya. Ni kuwa da aikina shi ne koyar da ilmin halittu, a nan na saɓa da su, domin masana'antar ba ta yi wa jikin direba adalci ba.

Mai karatu ya dubi tarihin giya. A shekarar 1940 kamfanin General Motors ya sa giya mai canza kanta, mai suna Hydra-Matic, a motocinsa ƙirar Oldsmobile. Mai saye zai ƙara kuɗi, a ba shi motar da ba ta bukatar taka kuloci. Jama'a suka yi rububi, har kafin ƙarshen shekarun 1950 mafi yawan sababbin motocin Amurka irin wannan giya ke gare su. Bel ɗin kujera kuwa bai samu wannan farin jini ba. A shekarar 1956 kamfanin Ford ya tallata kayan kariya, amma bel da katifar da ake lulluɓe allon gaban direba da ita, sai wanda ya biya ƙarin kuɗi ake sa wa. Watau an jera kariyar rai tare da rediyo a takardar zaɓin kayan ƙawa, kuma mafi yawan motocin wannan zamani sun hau titi babu bel.

Ita kanta giyar tana da nata haɗarin. A motoci da yawa an ajiye ribas dab da ƙaramar giya, ba tare da firi a tsakaninsu ba. Direban da ya ja sandar ta zarce kaɗan, sai motar ta yi baya yana zaton gaba za ta. Ralph Nader ya soki wannan tsari a littafinsa na 1965. Bayan dokar da Amurka ta kafa a 1966, daga 1968 ya zama tilas sabuwar mota ta zo da bel, da sandar sitiyari mai lotsawa idan an yi karo, da firi tsakanin giyar gaba da ta baya.

To, me ya haɗa masanin halittu da wannan magana? Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, idan ta daki bango, jikin da ke cikinta tamkar ya faɗo ne daga tsayin mita 10. Mota ta tsaya, amma jiki bai tsaya ba sai ƙirji ya haɗu da sitiyari. Sandar sitiyarin da, ƙarfe ne miƙaƙƙe da ya saiti ƙashin ƙirji, a bayansa kuwa zuciya ce da babbar jijiyar jini. Ko bayan jiki ya tsaya, kayan ciki na ci gaba da tafiya: ƙwaƙwalwa ta bugi ƙoƙon kai, hanta da saifa su matsu da haƙarƙari. Bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu, wanda Nils Bohlin ya ƙirƙiro wa kamfanin Volvo a 1959, yana ɗora nauyin karon ne a kan ƙashin ƙugu da faɗin ƙirji, waɗanda suka fi jure matsi. Bel ɗin cinya kaɗai ya fi babu, sai dai idan ya zame ya hau ciki yana iya illata hanji da ƙashin baya.

Masu tara motoci kan ce huda jikin mota don ɗaura bel yana rage mata daraja. Idan a ɗakin nuni za a girke ta, na yarda, a bar ta yadda take, domin tarihi ce. Amma ranar da za ta hau kwalta da mutum a ciki, hukuncin ya canza. A nemi ƙwararren makanike ya kafa bel a kan ƙarfe mai ƙwari, a duba birki, direba kuma ya haddace jerin giyarsa kafin ya tayar da inji.

Wannan jan hankali ya shafe mu ma. Peugeot 504 da aka yi shekaru ana haɗawa a Kaduna ta zama abin tarihi, kuma sau da yawa akan tarar bel ɗinta ya tsinke ko an cusa shi ƙarƙashin kujera. Mai irin wannan mota da ya iya neman giyabos har kasuwar wani gari, ya kamata ya sa bel a sahun farko na kayan gyaransa.