Sabon liman a Damargu: littafi yake buƙata kafin lasifika

Wani abokina da muka yi lakwal tare a Damagaram ya tafi jami'ar Musulunci ta Sayi, ya dawo da takardarsa yana jiran aikin koyarwa. Bara limamin garinsu ya rasu, wani ɗan ƙaramin gari a gundumar Tanut, sai dattawa suka ce shi zai riƙa jan salla. Ya ɗauka aikin huɗuba ne da karantar da yara. Bayan wata uku na kira shi, ya yi dariya ya ce: "Abokina, ai ranar Juma'a nake hutawa."

Da asuba ya ja salla, kafin ya kurɓi koko an zo da maganar raɗin suna. Da hantsi jana'iza, in gidan babu likkafani shi zai nemo. Da la'asar ga mace a zaure, mijinta ya tafi Libiya shekara uku ba aike ba waya, tana tambaya ko aurenta yana nan. Da kaka a tara masa dammunan zakka, ɗaya cikin goma, a ce ya raba, kowa kuma yana ƙirga wanda ya samu da wanda aka tsallake.

Mai zafin ita ce maganar gona. Damargu bakin iyaka ce, inda noma ke ƙarewa kiwo ya fara, tun 1961 doka ta shata wannan iyaka ta arewa. Garken Fulani da na Buzaye suna gangarowa kudu wani lokaci kafin a gama kwashe hatsi, daga Belbeji har Gangara labarin ɗaya ne. A takarda, sulhu aikin mai gari ne, maganar fili kuma akwai kwamitocin da dokar karkara ta 1993 ta tanada. A zahiri, in murya ta fara tashi, sai ka ji mai gari ya ce a kira liman.

To, abin da ya fi damun abokina shi ne bai gaji ko takarda ɗaya ba. Marigayi ya yi shekaru yana ɗaura aure, yana raba gado, yana shaida ciniki, duka a cikin kansa. Wace gona ce aro, wace ce jingina, wace ce aka sayar? Sadakin wance an biya duka ko da saura? An binne amsar tare da shi. Kuma kun san wanda ke faɗuwa in babu shaida: matar da mijinta ya mutu, da marayan da baffansa ya ce gonar dama tasa ce.

Ku dubi maƙwabtanmu Kirista. Sabon fada in an turo shi cocin Katolika na Damagaram, wanda ke ƙarƙashin bishop na Maraɗi, rajista ake miƙa masa tare da makulli: wanda aka yi wa baftisma, wanda ya yi aure, wanda ya rasu. Ba maganar aƙida nake ba, maganar tsari ce. Mu kuwa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Ina muka baro ta?

Laifin har da mu ƴan birni. Liman a wurinmu shi ne wanda muryarsa ke yawo a WhatsApp. In mun yi karo-karo don masallacin ƙauyenmu, lasifika da sola muke saya. Ƙungiyoyin farar hula kuma, mu faɗi gaskiya, sai a tara limamai kwana biyu a otel, a ba su kuɗin mota, a ce su je su yi wa'azi kan rigakafi. Ba wanda ya tambaye su me ke hana su barci.

Na san za a ce mutanen ƙauye suna tsoron rubutu, suna ganin daga littafi sai haraji, kuma liman in ya zama kamar ma'aikacin gwamnati ya rasa amana. Wannan tsoro ba na banza ba ne. Shi ya sa littafin ya kamata ya zauna a masallaci, da ajami ko Larabci ko boko, a karanta wa shaidu kafin su tashi. Abin da zai fita waje kawai shi ne haihuwa: kusan kowane jariri a gaban liman ake raɗa masa suna ran bakwai, to me zai hana sunan ya isa ma'aikatar magajin gari, maimakon yaro ya kai ajin jarrabawa ba takardar haihuwa? Sai batun abincinsa, wanda ba ma son taɓawa. Mutumin da ba shi da albashi, gonarsa ɗaya, sai ɗan goron ɗaurin aure, ranar da attajirin gari ya kawo ƙara ku ce mini yaya harshensa zai yi.

Abokina dai ya sayi littafi mai kauri a kasuwar Tanut da kuɗin aljihunsa. Auren farko da ya rubuta, waliyyin amarya ya ƙi dangwala hannu sai da aka karanta masa sau biyu. Bayan mako guda mutumin ya dawo da kansa, wai akwai wata gona da ya ba da jingina shekara shida da suka wuce, a rubuta masa ita ma.