Kafin a Ya da Zango, a Dubi Hanyar Ruwa

'Yan'uwana mata, a ƙasashen Turai iyali kan tafi hutu cikin mota mai ɗaki, da gadaje da wurin girki a ciki. Wajen zaɓen zangon kwana yawanci inuwa da famfo ake dubawa. A ganina tambayar fari ita ce: in an yi ruwa, ina yake bi?

Ran 7 ga Agusta 1996, kusa da garin Biyeskas a ƙasar Sifen, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya bisa tsaunuka. Ambaliya ta gangaro da laka da duwatsu, ta afka wa zangon matafiya da aka kafa a bakin kwari. Mutum 87 suka rasu.

Saboda haka in tafiya ta kama ku, ku guji kwana a kwari ko busasshen rafi ko da sama garau take, gama ruwan da aka yi can nesa shi ke zuwa. Ku nemi tudu tun da sauran rana. In maigida ya gaji ya ce ko'ina ma ya yi, uwargida ki lallashe shi a ƙara gaba kaɗan. Rigakafi ya fi magani.