Martani: Ba Injekta Ce Ta Yi Laifi Ba

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce duk mai tsohuwar Marsandi 230E da ke kakkarwa a silo da safe ya cire injekta ya ɗora kafireto. Wannan shawarar ragon bakanike ce.

Tsarin injektar motar nan, wato K-Jetronic da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1973, yana da na'urar da ke rage matsin mai idan inji na da sanyi, domin fetur ya ƙaru. Inji na ɗumama, matsin na hawa har ya kai wajen bar 3.5. Idan 'yar ragar da ke bakin na'urar ta toshe da dattin fetur, ko wayar ɗumama ta ta tsinke, lissafin ya rikice, mota ta kama tari. Ka taɓa ɗora ma'aunin matsi kafin ka yanke hukunci? Ga kuma bawul ɗin ƙarin iska da kan maƙale, da tiyon roba da ya tsattsage yana shan iskar sata. Tiyon nan kuɗinsa nawa ne, fisabilillahi?

Masu motoci, kada ku bari a taɓa sukurun silo, balle a fasa injin, sai an auna matsin mai da sanyin safiya.