Yaro ya gama aji shida: gidan wa zai sauka?

Damana ta yi nisa, hatsi ya fara fid da kai. A ƙauyuka an riga an ji sakamakon ƴan aji shida, wato CM2. Gidan da yaro ya ci an yi guɗa, an raba goro. Bayan kwana biyu murna ta kwanta, uba ya zauna bisa tabarma yana lissafi. Lakwal ta gari ta gama aikinta. Watan Oktoba yaro zai shiga kolej, kuma ƙauyuka da yawa ba su da kolej.

Kolej shekara 4 ce. Ajin farko ana ce masa siziyam, na ƙarshe turwaziyam. A ƙarshensa ake jarrabawar BEPC. Wanda ya samu yana iya wucewa lise, ya yi shekara 3, ya yi jarrabawar bak. Daga nan sai jami'a: akwai ta Yamai, akwai ta Maraɗi, da ta Damagaram, da ta Tawa. Wanda ya fi son aikin hannu, da BEPC yana iya neman lisen sana'a ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, ko makarantar aikin gona ta Kollo.

Kolej ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda aka fi sani, CEG, inda ake karatu da Faransanci, a ƙara da Ingilishi. Akwai franko-arab, inda Larabci da Faransanci ke tafiya tare. Makarantar franko-arab ta farko a ƙasar nan an buɗe ta a Say cikin 1957. Ba makarantar allo ba ce, ana lissafi da kimiyya kamar ko'ina, amma yaron da bai fara Larabci tun ƙananan azuzuwa ba zai sha wuya a cikinta. Akwai kuma cibiyoyin koyon sana'a, CFM, inda ake koyon ɗinki, da kafinta, da walda, da gyaran inji. Yaron da kansa bai ɗauki boko sosai ba amma hannunsa na da kyau, kai shi can ba abin kunya ba ne.

Hukumar ilimi ce ke rubuta sunan yaro, ta faɗi kolej ɗin da za shi. Uba mai dalili yana iya neman a canza, ta hannun darakta. A nan ne iyaye da yawa ke yin kuskure. Suna tambayar wace kolej ce ta fi suna, wace ce ke da ginin siminti. Ba su tambayar inda yaro zai kwana, da wanda zai ba shi tuwo.

Ga wani labari, irin wanda kusan kowane gari yake da nasa. Wani manomi ne ɗansa ya zo na ɗaya a aji shida. An rubuta shi kolej ta wani gari mai kasuwa, kilomita 8 daga ƙauyensu. Uban ya ce azuzuwan zana ne a can, ɗansa ya fi ƙarfin zana. Ya tuna da wani Alhaji a birni da ke sayen gyaɗarsa kowace kaka. Ya kira shi ta salula. Alhaji ya ce: "Haba Malam, ai ɗanka ɗana ne. Turo shi." Aka sa yaro mota ranar kasuwa, da tabarma da jakar tufafi. Uban bai taka ƙafarsa gidan ba.

Alhaji ba mugu ba ne. Sai dai gidansa mutum 20 ke ci, kuma yana da shago. Da asuba yaro ya ɗebo ruwa. Da rana in ya taso ya tsare shago. Da dare ya kwana a zaure tare da yaran mota, ba fitila, ba wurin buɗe kaye. Ranar da ya makara sai ya tarar an kankare tukunya. Bai faɗa wa kowa ba, don yaron kirki ba ya ƙarar mai masaukinsa. A kolej kuwa ba kamar lakwal ta ƙauye ba ce, inda mushe guda ke riƙe da aji tun safe har yamma, ya san yaro, ya san ubansa. A nan kowane darasi da malaminsa, ya yi awarsa ya fita. Ba wanda ya lura yaron na gyangyaɗi. Shekarar farko ya maimaita aji. Ta biyu aka sallame shi. Kunya ta hana shi komawa gida, ya bi motar masu zuwa haƙar zinariya arewa.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. To, ɗan kolej ba raɓa ba ne, shekara 4 zai yi a gidan mutane. Kuma yana ci. Yaro mai tasowa yana cinye tiya guda ta hatsi cikin kwana 4 ko 5. Cikin wata, tiya 6 zuwa 7 ke nan. Karatu wata 9 ne, daga Oktoba zuwa Yuni, sai a ce tiya 60. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar kamar tiya 40. Ashe cin yaro guda a shekarar karatu ya kai buhu ɗaya da rabi, ban da mahaɗi, ban da sabulu. Mutumin birni da awo yake ci. Wanda ya aika masa da baki bai aika da hatsi ba, kada ya yi mamaki in an sa yaron aiki ya biya abin da ya ci.

Maƙwabcin wancan manomi shi ma ɗiyarsa ta ci, bayan shekara biyu. Shi bai yi waya ba. Ya hau amalanke shi da uwar yarinyar, suka tafi garin nan mai azuzuwan zana, inda yayarsa ke aure. Ya gaida mijinta, sannan ya shiga ciki ya ce: "Yaya, ɗiyarki na kawo miki, amma karatu za ta yi. Talla ban yarda ba." Ta ce: "Daka fa? Nan gidan kowa na daka." Ya ce: "Ta yi daka da shara kamar ɗiyan gida. Amma in an yi magariba a bar ta da kayenta." Suka shirya a kan haka gaban mijin. Uwar ta shiga ta ga ɗakin da yarinya za ta kwana, ta ga su wa ke kwana ciki. Wannan dubawa aikin mace ne, namiji ba ya ganin abin da take gani.

Daga nan ya wuce kolej ɗin. Ya tarar da darakta, ya tambaye shi malamai nawa ke akwai, ko akwai na lissafi. Ya tambayi yara nawa suka shiga BEPC bara, nawa suka samu. Tambaya ce da kowane uba ke da ikon yi, ko bai iya Faransanci ba. Ya tambayi kuma yaushe ake kafa rumfunan, don ajin zana sai an yi girbi an samu kara, kuma ruwan farko na tada shi. In iyayen gari ba su tashi da wuri ba, yara na asarar wata guda ko fiye. Ya duba ko akwai masu tuya kusa da rumfunan. Mutanen Maraɗi ba su manta da Nuwamba 2021 ba, lokacin da wuta ta kama azuzuwan zana na wata lakwal, yara fiye da 20 suka rasu.

Maganar ɗiya mace ta fi nauyi. Iyaye da yawa ba ƙin karatu ke sa su fid da ita ba, tsoron gidan baƙi ne, kuma tsoron yana da tushe. Amma maganinsa a nemi gidan amana, ba a ɗaura mata aure tana shekara 13 ba. A 2017 gwamnati ta fid da doka ta kare karatun ɗiya mace har ta kai shekara 16. A wasu wurare an gina gidajen kwana na ƴan mata ƴan kolej, kamar na Kelle cikin ƙasar Gure. Ba su ishi kowa ba, amma uba ya tambayi darakta ko akwai irinsu kusa.

Makiyayi shi ma maganar ta shafe shi, har ta fi. Garke na tafiya, kolej ba ta tafiya. Kafin a tashi sai a san gidan da yaro zai zauna har Yuni, a bar masa akuya ko biyu a hannun mai gidan, a san kuma wanda za a kira in ciwo ya zo.

Shi wancan maƙwabci, kowace ranar kasuwa yana biyawa gidan yayarsa. Wata rana da tiya biyar, wata rana da wake, wata rana gaisuwa kurum. In an ba da takardar maki shi ke karɓa ya duba da kansa, don ya yi yaƙi da jahilci, ya san lambobi. Ana ba da maki bisa 20. Daga 10 zuwa sama yaro na tafiya daidai. In ya ga 7 ko 8 ba ya jiran ƙarshen shekara, ranar yake zuwa wajen malamin. Yarinyar bana za ta shiga turwaziyam. Darakta ya aiko a kawo takardar haihuwarta, don ba a rubuta yaro jarrabawar BEPC sai da ita. Uban ya duba cikin akwati bai gan ta ba. Ya ce da ya gama yankan hatsi zai tafi ma'aikatar magajin gari.