Kaɗaicin Ɗalibin Bincike a Jami'o'inmu



Duk lokacin da wata jami'a ta yi bikin yaye ɗalibai, akwai adadin da shugabanta ke karantawa cikin alfahari: mutum kaza sun sami digiri na biyu, mutum kaza sun sami digirin digirgir. A tafa, a ɗauki hotuna, 'yan uwa su fara kiran ɗansu Dakta tun bai cire rigar bikin ba. Abin farin ciki ne, babu shakka. Sai dai akwai wani adadin da ba a karantawa a wannan fili, wato na waɗanda suka yi rajista rana ɗaya da su, suka yi ta biyan kuɗi shekara bayan shekara, daga baya suka sulale ba wanda ya tambayi inda suka shiga. Ga kuma waɗanda har yanzu suna ciki, karatun da aka ce musu na shekara uku ne ya doshi shekara bakwai. A kan waɗannan bayin Allah sharhinmu na yau zai tsaya.

Ya kamata mu fara sanin wane ne wannan ɗalibi. Galibi ba yaro ba ne. Malamin sakandare ne mai mata da 'ya'ya, ko ma'aikaciyar asibiti da ke roƙon canjin aiki don ta sami zuwa aji, ko ƙaramin malamin jami'a da ya san ba zai wuce wani mataki ba sai da digiri na uku a hannu. Wani daga Gusau yake tasowa zuwa Zariya, wani daga Azare zuwa Kano, wani ma daga Maraɗi yake tsallako iyaka zuwa Sakkwato, ya haɗa wahalar bincike da ta komawa daga Faransanci zuwa Ingilishi. A shekarar farko akwai aji, akwai abokai, akwai jarrabawa, mutum ya san inda ya dosa. Da an gama kwasa-kwasai aka ce kowa ya je ya kama bincikensa, shi ke nan sai taro ya watse. Daga nan ɗalibi ya zama shi kaɗai, daga shi sai kwamfutarsa sai lambar wayar malamin da ke duba aikinsa. A ganina wannan kaɗaici ya fi rashin kuɗi kashe karatun mutane, ko da yake su biyun tare suke tafiya.

Bari mu daɗe kaɗan a kan mai duba aiki, wanda ɗalibai ke kira sufabaiza, don rayuwar ɗalibin bincike kusan duk a hannunsa take. Shi zai amince da batun da za a bincika, shi zai karanta babi-babi, kuma sai ya sa hannu kafin a kai ga semina, balle ranar kare kundi a gaban mai jarrabawa na waje. In Allah ya haɗa ka da na kirki, ka dace. Kuma akwai su da yawa, a faɗi gaskiya. Akwai malaman da ke karanta aikin ɗalibi da fitilar waya cikin dare, su ara masa littattafansu, wani ma ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya saya wa ɗalibi sinadarin gwaji. Amma kowa ya ratsa wannan hanya ya san ɗaya fuskar. Ɗalibi ya miƙa babi, wata uku, wata biyar, shiru. Ya hau mota ya zo, ya wuni a tsaye a bakin ofis, a ce masa, "Ranka ya daɗe, Farfesa ya yi tafiya, ka dawo mako mai zuwa." Bai isa ya yi ƙorafi ba, domin wanda zai kai ƙara shi ne mai sa masa hannu, wanda zai kai wa ƙarar kuma abokin aikin wancan ne.

Ba na so a ɗauka malaman ne kaɗai masu laifi. Malami guda yana koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, yana gyaran takardunsu, yana cikin kwamitoci, an kuma jibga masa ɗaliban bincike fiye da yadda kowane ɗan Adam zai iya bi da idon basira. Albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, dole ya nemi koyarwa a wata jami'ar don ya cike giɓi. Abokan aikinsa da dama sun tattara sun tafi ƙasashen waje, nauyinsu ya dawo kansa. Wanda aka yi wa wannan lodi, ko mala'ika ne sai babin wani ya kwana a teburinsa.

To amma akwai gyaran da ba ya cin ko sisi. Tun ranar da aka haɗa ɗalibi da malami, a rubuta yarjejeniya a takarda: sau nawa za su zauna a zango, mako nawa babi zai yi kafin a dawo da shi da gyara. A sa malami na biyu da na uku su zama masu aiki na gaske, ba suna kawai a bangon kundi ba. Makarantar karatun gaba da digiri na farko, wadda kowace babbar jami'a ke da ita, ta riƙa karanta rahoton ci gaban ɗalibi ta kuma kira malami in ta ga aiki ya tsaya. Sannan a buɗe ƙofar da ɗalibi zai nemi canjin mai dubawa ba tare da an ɗaure masa ƙafa a gaba ba. Wannan ƙofa ta fi zama dole ga ɗalibai mata, waɗanda wani lokaci abin da ake nema a wurinsu ba gyaran babi ba ne, kuma kunya da tsoro su hana su buɗe baki. Haka nan al'adar nan ta ɗora wa ɗalibi abinci da lemo da ambulan ranar semina, ya dace hukumomin jami'o'i su hana ta da babbar murya. Mutumin da ya zo a auna iliminsa bai kamata ya ciyar da masu awon ba.

Sai batun horo. Kowane sashe yana da kwas ɗin dabarun bincike, amma sau da yawa shifta ce kawai: malami ya karanto, ɗalibi ya rubuta, a yi jarrabawa, a manta. Ranar da ɗalibi ya dawo daga ƙauyuka da takardun tambayoyi ɗari uku, sai ya tarar bai san yadda zai sa su yi magana ba. Nan ne yake nufar shagunan bakin jami'a, ya biya wani ya danna masa manhajar lissafi ta SPSS, ya karɓo jadawalin da shi kansa ba zai iya bayaninsa ba. Daga mai lissafi kuwa zuwa mai rubuta kundi gaba ɗaya, tazarar ba ta da yawa. Yanzu ga ChatGPT da ire-irensa sun shigo tun ƙarshen 2022, suna rubuta shafi goma kafin shayi ya huce, har da sunayen littattafan da ba a taɓa wallafawa ba. Jami'o'i sun sayi Turnitin don kama satar fasaha, kuma hakan daidai ne. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya taɓa zaunar da wannan ɗalibi ya nuna masa yadda ake karanta muƙala a fitar da hujjarta, yadda ake ambaton mai magana ba tare da an sace maganarsa ba, yadda ake neman izinin mutanen da za a yi wa tambayoyi a kuma kare sirrinsu? An ce masa sai ya buga muƙala kafin a yaye shi, ba a koya masa bambanta mujallar ilimi ta gaske da ta 'yan damfara ba, irin wadda za ka tura kuɗi yau ta buga maka jibi ba wanda ya karanta.

Abin da ke ba ni takaici shi ne masu iya wannan horo suna nan cikin harabar. Ma'aikatan ɗakunan karatu, irin na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello, sun san hanyoyin samun mujallu ta shirye-shirye kamar HINARI na fannin lafiya da AGORA na aikin gona, waɗanda aka kafa don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu kyauta ko da rahusa. Akwai manhajoji na kyauta kamar Zotero na tsara madogara da R na lissafi. Bita ta kwana biyu a kowane zango, kowa da kwamfutarsa a gabansa yana gwadawa da hannunsa, za ta rage wa ɗalibai asarar watanni.

Masu sauraro, mu ba baƙi ba ne a harkar zurfafa ilimi. A makarantun zaure na Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato, almajirin da ya kai ga manyan littattafai ba ya karatu shi kaɗai. Yana zaune ana biya wa na gaba da shi, yana ji. In an tashi, su koma gefe su yi ta muraja'a da musu a kan mas'ala guda har a kira salla. Malam ya san gidan su kowa, ya san wanda bai zo ba, ya aika a duba lafiya. Ilimin boko ma ya taɓa samun irin wannan zama a ƙasar nan. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa Sashen Tarihi a Zariya bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, ya tara matasa masu bincike suna gabatar da takardu a gaban juna, ana kai ruwa rana. Daga wannan da'ira aka sami aikin Sa'ad Abubakar a kan masarautar Fombina, da na Yusufu Bala Usman a kan Katsina wanda ya fito a littafi a 1981, da na Mahmud Tukur a kan yadda Turawan Ingila suka kafa mulkinsu a Arewa. Babu intanet a lokacin, babu kwamfuta a teburin ɗalibi. Suna da juna, kuma suna da malamin da ya ɗauki zaman da muhimmanci.

Yau a sassa da yawa semina ta koma kotu. Ɗalibi ya tsaya jiki na rawa, malamai su yi masa ca, wani ya huce haushin abokin aikinsa a kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Sauran ɗalibai kuwa sun zo ne don sa hannu a takardar halarta. Ina roƙon shugabannin sassa su ware wani zaman daban, wanda babu maki a cikinsa, inda ɗalibi zai kawo aikin da bai nuna ba, ya ce ga inda na maƙale, a taya shi tunani. A ba ɗaliban bincike ɗaki guda nasu, mai kujeru da wutar sola da tulun ruwa, inda mai nazarin ƙasa zai haɗu da mai nazarin harshe. A tuna da uwa mai goyo, a sama mata inda za ta ajiye jariri na awa biyu. Su ma ɗaliban kada su jira hukuma. Mutum huɗu ko biyar da suka yi alkawarin haɗuwa kowace Asabar, kowa ya karanta shafukan ɗan uwansa, sun fi zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu da ba a tura komai sai sanarwar kuɗin rajista. Irin wannan ƙaramin zama ne ke riƙe mutum lokacin da komai ya tsaya, kamar yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 da ya ci wata tara, da na 2022 da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mai gwajin shuka da damina ta wuce shi, shekara guda ya rasa.

Kuɗi kuwa, maganarsa a fili take. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a kan harajin ribar kamfanoni, yana ɗaukar nauyin karatun malaman manyan makarantun gwamnati. Wanda ba ma'aikacinsu ba, sai dai aljihunsa da na 'yan uwa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma darajar naira ta faɗi, kuɗin mota da na sinadaran da ake shigowa da su daga waje sun fi ƙarfin mai albashi. A ƙarshen 2024 asusun ya sanar da dakatar da tura malamai karatu ƙetare, abin da ke nufin ƙarin ɗalibai a kan jami'o'in gida. In haka ne, kuɗin da aka yi tsiminsa ya kamata a gan shi a ɗakunan gwaje-gwaje da ɗakunan kwanan ɗaliban bincike. Mun kuma ga abin da tallafi ke yi a Cibiyar Nazarin Noma a Yankunan Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, wadda ke cikin cibiyoyin da Bankin Duniya ya tallafa wa: ɗalibai daga ƙasashen Afirka daban-daban, ga kayan aiki, ga gonar gwaji. Gwamnonin da ke tura matasa digiri na biyu a waje, da attajiranmu masu gina masallatai da asibitoci, za su iya ɗaukar nauyin binciken mutum goma a gida a kan tsutsar da ke cin masara, ko ciwon ƙoda da ya addabi yankin Gashuwa, ko rubuce-rubucen ajami da gara ke ci a cikin adaka.

Akwai kuma mutanen da ake mantawa da su, su ne manoman da suka bar aiki suka amsa tambayoyi, da matan da suka buɗe ƙofar ɗakinsu ga baƙuwa mai rikoda. Da an kare kundi, sai a ɗaure shi da baƙin bango a jera a kanta, cikin Ingilishin da ba za su taɓa ji ba. Ina ba jami'o'inmu shawara su wajabta wa kowane ɗalibi taƙaita sakamakon bincikensa a shafi biyu da Hausa, ko Fulfulde, ko Kanuri, gwargwadon harshen mutanen da ya yi aiki a cikinsu, ya koma garin ya karanta musu a ƙofar mai gari. Gidajen rediyo kuma su ware wa waɗannan ɗalibai minti goma sha biyar a mako, su zo su faɗa wa jama'a abin da suka gano, masu sauraro su bugo waya su yi musu tambaya.